Zuwa Ga Edita: Kwas Na Wata Ɗaya Ba Ya Mai Da Mutum Malamin Yoga

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan maƙalar da kuka buga kwanakin baya a shafin kiwon lafiya game da yoga, wato hanyar horar da jiki da numfashi da ta samo asali daga Indiya. Na yaba wa marubucin bisa ƙoƙarinsa na jawo hankalin jama'a ga motsa jiki, sai dai akwai magana guda da ta tsaya mini a rai, wato inda ya nuna cewa duk mai sha'awa yana iya shiga kwas na wata ɗaya ya fito da takardar shaidar zama malami. Maganar ba ƙarya ba ce, domin haka ake yi a ƙasashe da dama a yau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka kawo ta tamkar wani ci gaba da ya kamata a yi murna da shi. Shekara 11 ke nan ina yin salon da ake kira Ashtanga, wanda ya fito daga birnin Maisur na kudancin Indiya, kuma har yanzu ban kai ga kiran kaina malami ba. Ina so in bayyana dalili, saboda dalilin ya shafi lafiyar duk wanda zai miƙa jikinsa ga wani da sunan koyo.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin da ake koyarwa bisa tsarin Maisur ba zai yi mamakin shirun da ke cikinsa. Tun da sassafe ake farawa, ba kiɗa, ba wanda ke tsaye a gaba yana nunawa ana kwaikwayonsa. Kowa yakan shimfiɗa tabarmarsa ya soma daga farkon jerin motsin da ya haddace, ya tafi daidai da tsawon numfashinsa, malami kuma yana zagawa, ya tsaya a kan wannan ya gyara masa kafaɗa, ya raɗa wa wancan kalma biyu ya wuce. Ba a jin komai sai sautin numfashi mai fita ta hanci, wanda ake ɗan matse maƙogwaro domin ya yi tsawo kuma ya daidaita. Kowane yanayi na ajiye jiki, wanda suke kira asana, ana tsayawa a cikinsa tsawon numfashi 5, ido yana kallon wuri guda da aka ƙayyade, ko ƙarshen hanci, ko cibiya, ko babban yatsa. Sabon shiga ba ya samun fiye da motsin buɗewa da ɗan abin da ke biye da shi a ranar farko, daga nan a ce ya kwanta ya huta ya tafi gida, ko da kuwa yana jin ƙarfinsa bai ko taɓu ba. Gobe ya maimaita, jibi ma haka, kuma ba a ƙara masa ko asana ɗaya sai malami ya ga wanda ke hannunsa ya zauna. Ana yin haka kwana 6 a mako, a huta kwana ɗaya, a kuma huta ranar da wata ya cika da ranar da ya ɓuya. Jerin darussan hawa 6 ne, amma mafi yawan mutane sukan yi shekaru a hawa na farko, wanda sunansa a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, yake nufin magani ta hanyar yoga, wasu kuma su tsufa ba su bar shi ba, ba tare da kowa ya ɗauki hakan gazawa ba.

To, a gwada wannan da kwas ɗin da marubucinku ya ambata. Ma'aunin awa 200 da ya zama ruwan dare ya yaɗu ne ta hannun wata ƙungiya ta Amurka mai suna Yoga Alliance, wadda aka kafa a 1999, kuma aikinta shi ne rajistar makarantu da malaman da suka cika sharuɗɗanta. Ba hukumar gwamnati ba ce mai ba da lasisi irin na likitoci. Lissafin yana da sauƙi. Ɗalibin da yake yin awa ɗaya da rabi kullum, kwana 6 a mako, yana tara awa 9 a mako, wato zai cika awa 200 cikin kimanin mako 22. Ke nan abin da ake ba mutum takardar malanta a kansa bai wuce abin da ɗan koyo yake yi a wata biyar ɗinsa na farko ba, lokacin da har yanzu yana mantuwar wane motsi ke bin wane. Ƙari a kan haka, in an cusa awannin nan cikin mako 4, jiki ba ya samun lokacin da zai sauya, domin jijiyoyi da gaɓoɓi ba su san gaggawa ba. Abin da suka sani shi ne yau da gobe, wadda aka ce ita ke sa allura ginin rijiya.

Ba da ka nake wannan magana ba, da gwiwata ta dama nake yin ta. A shekarata ta biyu na yi tafiya, na shiga wani aji na ɗan lokaci a ƙarƙashin wani matashi mai fara'a da kyakkyawar niyya, wanda bai daɗe da karɓar takardarsa ba. Akwai wani asana a tsakiyar hawa na farko da ake ɗora ƙafa ɗaya a kan cinya, a tanƙwashe ɗayar, sannan a murɗa jiki a haɗa hannuwa ta baya. Malamina na asali ya tsayar da ni a nan wata da watanni, ina jin haushinsa a ɓoye. Shi kuwa wannan matashi da ya ga na kusa, sai ya sa hannu ya danna gwiwar ƙasa don ya taimake ni. Na ji wani abu ya ba da ƙara a ciki, na kuma yi kusan wata 8 ba na iya durƙusawa sai da dabara. Daga baya na fahimci abin da duk wanda ya daɗe a harkar ya sani: gwiwa gaɓa ce da aka yi ta don ta naɗe ta miƙe, juyawar da ake bukata a irin wannan zama daga mahaɗar cinya da ƙugu take fitowa, kuma idan ƙugun bai buɗe ba, duk ƙarfin da aka sa yana sauka ne a kan guringuntsin da ke cikin gwiwa. Ba na zarginsa da mugunta, kuma ni ma ina da nawa laifin, domin son a ce na iya ne ya hana ni cewa ya dakata. Amma ya tabbatar mini da cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wannan fage ba mai sanin kaɗai ƙuƙumin yake shaƙewa ba.

Wannan ɓangaren jiki ke nan, kuma shi ne mafi ƙanƙanta idan aka koma ga littattafan asali. Littafin da ake jingina wa wani masanin Indiya na dā mai suna Patanjali, wanda aka harhaɗa a ƙarnonin farko na Miladiyya, ya ƙunshi gajerun jimloli kimanin 195 a babi 4, kuma tun a jimla ta biyu ya ce yoga ita ce tsayar da kai-kawon zuciya. Ya kasa hanyar rassa 8, kuma daga nan ne ma sunan Ashtanga, mai nufin rassa takwas, ya samo asali. Reshe na farko ba ya maganar jiki sam. Yana maganar kada ka cutar da kowa, ka faɗi gaskiya, kada ka ɗauki abin da ba naka ba, ka kame kanka daga sha'awa, ka bar handama. Na biyu yana maganar tsabta da wadatar zuci da juriya da karatu da miƙa wuya ga abin bauta. Sai a na uku ake zuwa ga asana, kuma duk abin da littafin ya ce a kansa jimloli 3 ne kacal, waɗanda jigonsu shi ne zama ya kasance tabbatacce kuma mai daɗi. Daga nan sai sarrafa numfashi, da janye gaɓoɓin ji da gani daga abin da ke waje, da tattara hankali, da zurfin tunani, har zuwa matakin ƙarshe. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15, wanda ya fi mai da hankali ga jiki, asana 15 kawai ya bayyana, kuma ya yi gargaɗin cewa numfashi kamar zaki ne ko giwa ko damisa, a hankali ake horar da shi, in ba haka ba ya hallaka mai horon. Cikin abubuwan da ya lissafa masu ɓata aiki akwai yawan ci da yawan magana da wahalar da jiki fiye da kima. Malamin da bai taɓa zama ya karanta waɗannan a gaban wanda ya fi shi ba, me zai faɗa wa ɗalibin da ya tambaye shi dalilin da ya sa ake riƙe numfashi, ko kuma ranar da bai kamata a riƙe shi ba?

A nan dole in yi adalci, domin masu tallar kalmar gargajiya su ma suna da nasu ƙarin gishirin. Sau da yawa za ka ji ana cewa jerin motsin da muke yi yau ya shekara dubbai ba a sauya shi ba, alhali tarihi bai goyi bayan haka ba. Mutumin da yawancin fitattun salon zamani ke komawa gare shi, Tirumalai Krishnamacharya, an haife shi a 1888 ya rasu a 1989, kuma makarantarsa ta Maisur ta tsaya da ƙafafunta ne a shekarun 1930 a ƙarƙashin kulawar sarkin wannan masarauta, Krishnaraja Wodeyar na huɗu. Yawancin ɗalibansa na lokacin yara maza ne da samari masu jini a jika, kuma masu bincike sun nuna cewa motsin da ya tsara musu ya sha tasirin kokawar Indiya da atisayen jiki irin na Turai da ake yayi a wancan zamani. Jerin motsin buɗewa da ake kira gaisuwar rana ma ba ya cikin tsofaffin littattafan nan. Sarkin wata ƙaramar masarauta mai suna Aundh ne ya yi fice wajen yaɗa shi a shekarun 1920 da 1930. Akwai kuma wani tsohon littafi da aka ce daga cikinsa aka ɗauko tsarin Ashtanga, wanda har yau ba wanda ya fito da kwafinsa, sai labarin cewa tururuwa ta cinye shi. Ni dai wannan bai rage mini darajar abin da nake yi ba ko kaɗan. Abin da nake kira gargajiya a nan shi ne hanyar miƙa ilimi daga malami zuwa ɗalibi hannu da hannu, abin da su suke kira parampara, mu kuma za mu fi gane shi da sunan silsila, inda ba ka koyar da abu sai wanda ya koya maka ya ga kana yin sa shekara da shekaru ya kuma yi maka izini.

Hujjar cewa hanyar ce gadon, ba siffar motsin ba, tana cikin ɗaliban Krishnamacharya kansu. Pattabhi Jois, wanda ya fara bin sa yana ɗan shekara 12 kuma ya kafa cibiyarsa a Maisur a 1948, ya riƙe tsarin jeri mai gudana da numfashi, wato salon Ashtanga da nake yi. Iyengar, ƙanin matar malamin, wanda ya taso yana fama da cututtuka iri-iri tun yana yaro, ya bi wata hanya dabam a birnin Pune: yana tsayar da ɗalibi a asana ɗaya na tsawon lokaci, yana duba daidaiton kowace gaɓa, yana kuma amfani da guntayen katako da ɗamara da barguna domin tsoho da majinyaci su ma su samu rabonsu. Shi kuwa Desikachar, ɗan cikin Krishnamacharya, wanda ya yi karatu a wurinsa bayan mahaifin ya koma birnin Madras, ya gaji koyarwa ta mutum ɗaya-ɗaya, inda ake tsara wa kowa abin da ya dace da shekarunsa da lafiyarsa da sana'arsa, kuma a kan haka ya kafa cibiyarsa a 1976. Malami ɗaya, ɗalibai uku, hanyoyi uku da ba su yi kama da juna ba. Mai neman kayar da ni zai iya cewa ai Iyengar ɗin nan yana ɗan shekara 18 aka tura shi Pune ya koyar a 1937, bayan 'yan shekaru kaɗan da farawa. Gaskiya ne. Amma ya cike giɓin da awanni masu yawa na atisaye shi kaɗai kowace rana, ya ci gaba da yi har ya haura shekara 90, kuma tsarin da ya bari ba ya karɓar mutum horon malanta sai ya yi aƙalla shekara 3 yana ɗalibta. Wanda ya fi kowa sanin ɗacin fara koyarwa da wuri shi ne ya fi tsananta sharaɗi ga na baya.

Ba zan ɓoye aibin wannan tsari ba, don kada a ce na zo tallar hajata. Inda duk aka tara iko a hannun mutum ɗaya, aka kuma koya wa ɗalibai cewa tambaya rashin ladabi ce, ɓarna tana samun maɓoya. Bayan rasuwar Pattabhi Jois a 2009, mata da dama da suka yi karatu a wurinsa sun fito fili sun bayyana cewa yana taɓa jikinsu ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara, kuma a 2019 jikansa Sharath, wanda ya gaje shi, ya amsa cewa ya san da aukuwar hakan ya kuma nuna takaicinsa. Wannan lamari ya girgiza masu bin salon a duniya, kuma ya kamata ya girgiza su, tun da reshe na farko na abin da suke da'awar bi shi ne kada a cutar da kowa. Tun daga lokacin ɗakunan koyarwa da yawa suka ɗauki ƙa'idar cewa ba a sa wa ɗalibi hannu sai an nemi yardarsa, kuma yana da ikon ƙi a kowace rana ba tare da ya ba da dalili ba. A ganina malamin da ya ji wannan ƙa'ida ta yi masa nauyi bai cancanci a tsaya a gabansa ba, komai tsawon silsilarsa.

Akwai kuma batun da maƙalarku ta tsallake, wanda na tabbata yana zukatan masu karatu da yawa, wato batun aƙida. Yoga ta girma ne a cikin al'adun addinan Indiya, kuma rashin gaskiya ne a ce motsa jiki ce zalla tun asalinta. A ajin Ashtanga na asali ana buɗewa da wani baiti na Sanskirit da ke girmama malamai da Patanjali, ana furta kalmar Om, wadda addinan Indiya ke tsarkakewa, sunan motsin buɗewa kuma, kamar yadda na faɗa, gaisuwa ce ga rana. Saboda irin waɗannan ne Majalisar Fatawa ta Ƙasa a Malesiya ta hana Musulmi yin yoga a 2008, a 2009 kuma Majalisar Malamai ta Indonesiya ta hana nau'in da ya ƙunshi baitoci da ibadun Hindu, amma ta bar ƙofa ga wanda aka yi shi don motsa jiki kawai. Ba ni da matsayin yi wa kowa fatawa. Abin da nake cewa shi ne haƙƙin ɗalibi ne a gaya masa ma'anar duk kalmar da za a sa shi ya furta kafin ya furta, domin ya yanke wa kansa hukunci da saninsa, ya kuma tambayi malaman addininsa. Ni kaina ba na yin baitin buɗewar, kuma malamina, da yake ya san ma'anarsa kalma bayan kalma, bai taɓa matsa mini ba. Wanda ya haddace sautin a mako 4 ba tare da ya san abin da yake cewa ba, shi ne zai ce maka ai ba komai, waƙa ce kawai.

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, aka fara bikinta a 2015, sannan hukumar UNESCO ta sanya yoga cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2016, masu neman koyo sun ƙaru, kuma ba abin mamaki ba ne masu neman koyarwa su ƙaru tare da su. Amfanin ma akwai shi. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ACP ta ambaci yoga a 2017 cikin hanyoyin da ba na magani ba da ake iya gwadawa don ciwon baya da ya daɗe. Sai dai mutanen da ke zuwa saboda irin wannan labari su ne mafi rauni: mai ciwon baya, da mai hawan jini, da mace mai juna biyu, da dattijon da gwiwa ta fara ba shi matsala. Tsayuwa da ka, alal misali, ba ta dace da mai ciwon ido na gilakoma ko mai matsalar wuya ko wanda hawan jininsa bai daidaita ba, kuma dogon riƙe numfashi ba na kowa ba ne. Gane wanda za a ce wa ya yi da wanda za a ce wa ya bari, da gane bambancin zafin miƙewar tsoka da zafin da ke cewa gaɓa tana cikin haɗari, ba a littafi kaɗai ake samunsa ba. Ana samunsa ne ta tsayawa a bayan gogaggen malami shekaru ana kallon jikkunan mutane ɗaruruwa, ana yin kuskure ƙarami a gaban wanda zai tare shi kafin ya zama babba.

Ba na cewa a rufe kwasa-kwasan nan. Ga wanda ya riga ya daɗe yana yi, suna iya tsara masa abin da ya sani, su ƙara masa ilimin sassan jiki. Matsalar tana ga ɗaukar su a matsayin ƙarshen karatu. Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne idan wakilinku ya sake zama da wani mai kiran kansa malamin yoga, kada ya tsaya a kan takardar da ke rataye a bango. Ya tambaye shi wane ne malaminsa, shekara nawa ya yi a gabansa, ko yau da safe shi kansa ya hau tabarmarsa kafin ya zo koyar da wasu, da kuma abin da yake yi idan mai ciwon gwiwa ya shigo ajinsa. A bara malamina ya fara ba ni izinin tsayawa a gefe in taimaka wa sababbin shiga da motsin buɗewa kawai, da baki, ba tare da na sa wa kowa hannu ba, kuma duk ranar da na yi, bayan an tashi sai ya zaunar da ni ya lissafa mini abin da idona ya tsallake.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai bibiyar shafinku na kiwon lafiya.